Busasshiyar Ɗorawa da Mai Haya a Cikinta

Shekarar da aka cire tallafin man fetur, komai ya tashi har gas na girki, wani abu ya same ni da wani tsuntsu wanda har in koma ga Mahaliccina ba zai fita a raina ba.

Da rani ya shigo, mai ɗakina ta mirgino tukunyar gas gabana, babu komai a ciki. "Malam," in ji ta, "ko itace ko azumi. Zaɓi ɗaya."

Ina da busasshiyar ɗorawa a gonata ta wajen dam ɗin Tagwai. Na roƙi maƙwabcina, wani dattijon kafinta Kirista ɗan Kudancin Kaduna, ya zo da zartonsa mu kayar da ita. Muna isa muka ji ƙwas-ƙwas-ƙwas daga sama. Wani tsuntsu ne mai kai ruwan toka da ɗan jan tabo a ƙeya kamar ya ari hular dara, ya maƙale a jikin itacen yana sara da baki. Ya jera ƙananan ramuka kamar ɗigon tawada a allo, ga wani babban rami da 'ya'ya ke tsuwwa a ciki.

Kafinta ya ajiye zarto. "Malam, maƙwaƙƙwafi ne! Rabona da jin wannan bugun tun ina ƙauyenmu. Abokin sana'ata ne, ba zan rushe masa shago ba."

"Abokin naka ya taɓa biyana haya?"

"Kai ka taɓa biyan Allah kuɗin iska?"

Nan take ya kira 'yarsa mai karatun gandun daji a waya. Ta ce irinsa yana nan tun daga Senegal har Sudan, duk inda akwai daji mai itatuwa jefi-jefi, kuma masana ba su sa shi cikin masu shirin ƙarewa ba. Sai dai a mataccen itace ya fi yin gida.

"Ka ji," na ce, "ba ya cikin haɗari."

Kafinta ya ce, "Masanan sun zo Tagwai sun ga buhunan gawayi a bakin titi? Duba, ka nuna mini wani busasshen itace ban da wannan."

Na duba. Kututture kawai, har iyakar ganina.

Muka yi yarjejeniya: zan bar ɗorawar sai 'ya'yan sun tashi, shi kuma zai riƙa ba mu guntaye da garin katako daga shagonsa. Mai ɗakina ta karɓa tana tari cikin hayaƙi. "Yau na ga ikon Allah. Tsuntsu na gidan sama, ni ina girki da shara."

Duk sanda na tambayi kafinta, sai ya ce, "Saura kaɗan, Malam, fiffikensu bai yi ƙwari ba." Har damina ta sauka. Na ce masa ko jikokin tsuntsun ai sun isa aure. Ya yi dariya har da hawaye. Ashe sun daɗe da tashi, shi kuwa yana ta kawo katako, har da masu kyau da zai iya yin kujera da su.

Abin ya yi mini nauyi. A wajenmu mutum na iya mallakar itace ko da ƙasar ba tasa ba ce. Na ja shi gaban mai unguwa, na ce a shaida: ɗorawar nan ta zama tasa halak malak, a madadin itacen da muka ƙona masa.

Mai unguwa ya ce, "Wace ɗorawa? Matacciyar?"

"Ita," in ji kafinta. "Akwai mai haya a ciki."

Daga ranar na san ba ni ke da hukuncin cewa abu ya gama amfani ba. Abin da ka kira matacce, wataƙila Ubangiji ya riga ya rubuta shi gidan wani bawansa.