Yadda Alkunya Ta Cinye Wa 'Yata Likitanci

Har yau idan na ji wani yana yabon alkunyar gidajen cikin birni, raina ɓaci yake yi. Ni na san abin da ta ci mini.

A unguwar Kwarbai aka kawo ni aure, babban gida mai sassa da yawa, zaure ɗaya. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa. Wansa kuwa, wanda muke kira Yaya, mai shagon yadi ne, kuma maganarsa ce ta ƙarshe a gidan. A wannan gida uwa da uba ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa yabonsa, ba sa shiga maganarsa a gaban mutane. 'Yata ta fari "ke" nake ce mata, ubanta kuma "yarinyar nan". Duk abin da ya shafe ta, tun daga ragon suna har sa ta a makaranta, a hannun Yaya yake. Haka na tarar ana yi, haka na bi.

Yarinyar nan tun tana aji huɗu na sakandare ta ƙwallafa rai a kan likitanci. Da gawayi ta zana zuciyar mutum a bangon kicin ɗina, tana tuƙa tuwo tana haddace sunayen jijiyoyi. Na yi faɗa har na gaji, na bar mata bangon. Da ta rubuta jarrabawar shiga jami'a makinta ya yi kyau ƙwarai, malamanta har gida suka zo yi mana barka. Na ba su ruwa na koma ɗaki, don ba a ce uwa ta washe baki a kan 'yar fari ba.

Amma maki mai kyau ba shi ne kujera ba. Mutanen unguwarmu gani suke tunda jami'a a garinmu take, kamar gonar gado ce. Ƙarya ne. Daga kowane lungu na ƙasar nan ake rububin likitanci, 'ya'yan masu hali da aka ɗaukar wa malaman lesin tun suna yaye, kujerun kuma 'yan kaɗan. Bayan an ɗebi na can sama, sauran waɗanda suka haye suna da yawa, kowa da makinsa mai kyau, sai wanda aka san da zamansa. 'Yata tana cikin waɗannan.

Muna da wanda zai san da zamanta. Akwai wani Farfesa, ɗan maƙwabtanmu ne, tare suka yi makarantar allo da maigidana. Ya koma unguwar Kongo da zama, amma duk Juma'a yana zuwa gaida tsohuwarsa. Wata Juma'a maigidana, Malam, ya dawo masallaci yana cire hula ya ce, "Farfesa ya tambayi yarinyar nan, wai me ta ci, me take nema."

Na ce, "Alhamdulillahi! Me ka ce masa?"

"Me zan ce? Na ce zai ji daga bakin Yaya."

"Malam, mutum ya tambaye ka da bakinsa. 'Yarka ce fa."

Ya dube ni kamar na yi saɓo. "So kike a ce na tsaya ƙofar masallaci ina tallan 'yar fari? Ina da wa a raye."

Yaya ya yanki shadda mai kyau daga shagonsa, ya haɗa da turare, ya tafi Kongo. Shi ma yana da ɗa da ya rubuta jarrabawar a shekarar, ya haye, amma makinsa bai kai na 'yata ba. Kowa ya sani, don a waya ɗaya suka duba. Da Yaya ya dawo ya leƙo sashenmu ya ce, "An gama magana, saura addu'a." Har ƙasa na durƙusa na yi masa godiya. Idan na tuna durƙuson nan, ji nake kamar in ciji yatsana.

Ranar da sunaye suka fito, guɗa muka fara ji daga sashen Yaya. Ɗansa ya samu likitanci. 'Yata an ba ta ilimin tsirrai, kwas ɗin da ko a mafarki ba ta nema ba. Ba ta yi kuka a gabana ba. Ta ɗebo ruwa da soso ta wanke bangon kicin tas. Ni kuma na yafa mayafi na je na yi musu barka, Yaya yana ta faɗin, "Rabo ne, Allah bai nufa ba."

Da na mutu ina ɗauka rabon ne, ba don wani biki a Kufena ba. Matar Farfesa ta zauna kusa da ni, muna cin waina ta ce, "Ashe 'yarki ta fasa likitanci? Farfesa bai ji daɗi ba, ya ce makinta abin a tsaya mata ne."

Na ce, "Ta fasa? Wa ya ce?"

"Wan mijinki mana. Farfesa ya ce masa mutum ɗaya zai iya yi wa magana daga gidanku, kuma yarinyar ce a gaba. Sai wan mijinki ya ce ai ita ta haƙura, shekarun sun yi wa mace yawa, a duba namijin. Farfesa ya ce da ma ya tambayi ubanta ya ce zai ji daga bakin wansa, sai ya ɗauka haka ɗin ne."

Ban tsaya rabon kayan biki ba. Na iso gida na tarar da su a zaure, wa da ƙane, hannu cikin kwano ɗaya. Tunda aka kawo ni gidan ban taɓa tsayawa a zaure maza na zaune ba. Ranar na tsaya.

Na ce, "Yaya, yaushe 'yata ta ce maka ta haƙura?"

Ko kunya bai ji ba. Ya suɗe yatsunsa ya ce, "Ni ne ubanta, ni na haƙura mata. Likitancin ai gidan nan ya shigo. Ita gidan wani za ta kai shi."

Na juya ga Malam. Kansa na ƙasa, yana tsintar ƙashin kifi.

Sai na ɗaga murya na kira 'yata da sunanta na yanka, yadda har maƙwabta sai da suka ji. Ta fito a guje tana waige-waige, tana neman baƙuwar da ta kira ta. Ba ta taɓa jin sunan a bakina ba. Na riƙe hannunta na ce, "Yaya, wannan 'yata ce, ni na haife ta. Daga yau ko allura za a saya mata, ba da bakinka ba."

Tsofaffin gidan suka ce na zubar da mutunci. Sun daɗe ba sa amsa gaisuwata, ni kuma ban yi rashin komai ba. Na roƙi 'yata ta sake jarrabawar, ta ce, "Umma, na gaji." Ta karanta tsirranta ta gama, yanzu tana koyarwa a wata sakandare.

Ɗan Yaya bai ma ƙare karatun ba gidan ya fara kiransa Dakta. Na sani ba shi ya je Kongo ba, yaro ne mai ladabi. Idan ya zo hutu yakan bi sassa da abin awon jini yana duba tsofaffi. Ni ma ina da hawan jini. Idan ya yi sallama a ƙofata nakan amsa, in tambaye shi karatu, in sa a kawo masa ruwa. Hannuna dai yana cikin mayafi har ya tashi.