Famfo Mai Shuɗin Kai

A shekarata ta biyu a Doha wata abokiyar aikina 'yar Filifin ta gama kwantiraginta, ta bar min wata halitta a ƙaramin akwatin gilas. Aksolotal ake ce mata. Kamar ƙadangare take, sai dai fara ce sol, a ruwa take zama, da wasu jajayen geza a gefen kai da take numfashi da su. Da farko ƙyamarta na yi. Kafin wata guda na koma ina ba ta labarin asibiti ina miƙa mata tsutsa da hantsaki. Mutuniyata nake kiranta.

Gidanmu a Al-Sadd na kamfani ne, kuma takardar da na sa wa hannu ta ce ba kare, ba kyanwa, ko kifi ba a yarda ba. Wadda aka kama, gargaɗi zai shiga fayil ɗinta, kuma mai gargaɗi da wuya a sabunta mata kwantiragi. 'Ya'yana biyu na Jos wajen mamata, da aikin nan suke makaranta. Duk na sani, amma na riƙe ta. Ita kaɗai ke jiran dawowata a ƙasar nan.

Zafi ne ajalinta, shi ya sa ba na kashe AC. Ruwa kuwa, da bazara rana ke dafa tankin saman gini, sai famfo mai shuɗin kai, wanda na ruwan sanyi ne, ya riƙa kawo ruwa kamar na shayi. Mukan kashe hitar dafa ruwa, mu ɗebi wanda ya huce a cikinta ta jan famfo. Duk wanda ya yi bazara ɗaya a nan ya san wannan.

Wata safiya a Agusta ina bakin aiki saƙo ya shigo: za a duba ɗakuna ƙarfe goma. Tara da rabi ta wuce. Na shige banɗaki na kira abokiyar zamana, wata babbar nas daga Kafanchan, satinta biyu da zuwa.

"Anti, ki rufa min asiri. Ki sa Mutuniyata a kula, ki zuba mata ruwan sanyi, ki tura ƙarƙashin gado. Gilas ɗin ki zubar da ruwansa ki cika shi da takalma."

"Kar ki damu, ƙanwata," in ji ta.

Sai da na koma kan mara lafiya ina auna masa jini na tuna ban faɗa mata wane famfo ba. Na kira, na kira, ba ta ɗauka ba, masu duba sun riga sun shigo. Na roƙi shugabarmu, na yi ƙaryar ciwon ciki, na tare tasi. Duk danjar hanya sai da ta tsayar da mu. Na yi wa direban masifar da bai ci ba bai sha ba.

Da na buɗe kular, ɗumi ne ya bugi fuskata. Ashe mai shuɗin kan Anti ta buɗe, ta taɓa ruwan da yatsa da farko ta ji sanyi, wanda ya kwana a bututu ke nan, sai ta bar shi yana zuba tana fama da takalma, ta rufe murfi. Mutuniyata na kwance a gicciye, gezar ta koɗe. Na juye mata ƙanƙara, na shafa bayanta, na roƙi Allah kamar a kan ɗan mutum. Ba ta motsa ba.

Anti ta durƙusa tana cewa in yafe mata. Na buɗe baki zan zazzage mata, sai na ga laifin nawa ne. Ko kuka ban samu na yi ba, don an ƙwanƙwasa ƙofa. Na naɗe ta a hankici na cusa a aljihun yunifom.

Mai duban ce, ta dawo karɓar sa hannuna tunda an ce na iso. Ta ce ɗakinmu ya fi na kowa tsafta a ginin. Na sa hannu, na yi murmushi, na ce mata shukran, ruwan hankicin na jiƙa min cinya.