Hannun da Ya Tafi Gida

A Omdurman, in aka ce Hansatu mai lalle, ba a tambayar wacce. Jikar Hausawa ce, irin waɗanda suka taso da ƙafa za su Makka, suka iso bakin Nilu, ruwa ya yi musu daɗi suka sauke kaya. Amaren unguwa duk ita ke musu zane. In ta kama hannun amarya sai ta yi shiru, idonta ya lumshe, yatsunta su yi ta fitar da furanni da rassa. Ita kuwa tana can tana yawo a wani gari mai jar ƙasa da itatuwan kuka, wanda ba ta taɓa gani ba sai a bakin kakarta.

Wurin kakar nan ta gaji wata magana. A gidansu in hannu ko ƙafa ya sage, ba a cewa ya mutu. Sai a ce ya tafi gida, wato ya leƙa ƙasar Hausa gaida dangi. Wanda ya je gaisuwa kuwa ba a yi masa gaggawa.

A shekarun layin burodi da sojoji a bakin gada, hannun damanta ya soma tafiya gida. Babban yatsa da biyu na kusa da shi kan yi zum kamar tururuwa na bin su, ta yarfe, su dawo. Ita har daɗi take ji, wai ga wani sashen jikinta ya taka inda ita ba ta taka ba. Burinta ɗaya ne a duniya: ta zana wa autarta Husna lallen aure. Ta daɗe da gama zanen a cikin kanta, kullum tana ƙara masa ganye.

"Yumma, mu je wajen likita," in ji Husna, wadda ke kiran uwarta haka da Larabci.

"Ke dai Larabci ya cinye ki. Gaisuwa ya je, zai dawo."

Maƙwabta suka ce sanyi ne. Aka shafa man riɗi, aka yi ƙaho, hannu dai sai ƙara daɗewa yake a can. Kofin shayi ya fara suɓuce mata. Ranar da robar lalle ta faɗi a cinyar wata amarya, Hansatu na ta zane da yatsu wayam ba ta sani ba, ranar ce tsoro ya kama ta.

A Bahri, can ƙetaren Nilu, suka sami wata likita, Tasnim. Ta ƙwanƙwasa mata wuyan hannu, Hansatu ta zabura.

"Ya Hajja, jijiya ce ta matse a nan, aikinki ne ya jawo. Wani daga ƙashin wuya yake zuwa masa, wani daga ciwon sukari. In sagewa ta ƙi tafiya, ko tana dawowa, ko riƙo ya yi rauni, a zo a duba. In kuwa farat ɗaya ta zo, baki ya karkace, harshe ya yi nauyi, ko ƙirji na ciwo, ki garzayo asibiti, ko mayafi kada ki tsaya nema."

Sai ta juya tafin, ta ga naman gindin babban yatsa ya lotsa. Ta ɗago ta dubi Hansatu.

"Tun yaushe?"

Hansatu ta sunkuyar da kai.

An yi mata aiki, ciwon ya tsaya inda yake, amma siririn layi ya gagara. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ta yi kuka ba ta ɓoye ba.

Ranar lallen Husna aka kira wata mai zane daga unguwar Hajj Yusuf. Gida ya cika da turare da guɗa. Hansatu ta koma gefe tana raba alewa, kamar baƙuwa a bikin wani. Mai zane ta miƙa hannu, sai Husna ta janye nata, ta taso ta durƙusa gaban uwarta da ƙwaryar lalle.

"Yumma, ke za ki yi mini."

"Da wane hannun, 'yar nan?"

"Da wanda kike da shi."

Hansatu ta damƙo lalle da dukan tafinta, ta cika tafin Husna da shi, ta naɗe mata yatsu a kai, babu fure, babu ganye. Ta riƙe dunƙulen hannun nan gam, mata na cewa ai ya isa, ita kuwa ta ƙi saki.