Taƙin Hannun Baba

Wani Alhaji ne daga Unguwar Rimi, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya, ya zo shagon mahaifinmu a Badarawa da takardar da ya yago daga wata mujalla. Hoton jirgin ruwa ne fari sol, irin na shaƙatawa, mai rumfa da kujeru. Ya ce ya ga irinsa a ƙasar waje, kuma yana so kafin ya bar duniya ya zauna a cikin nasa a kan kogin Kaduna ya sha shayi. Ba babba yake nema ba, mai ɗaukar mutum shida ya ishe shi. Kowa a unguwa ya san Baba da ƙofofi da gadaje, amma an tsegunta wa Alhaji cewa a ƙuruciyarsa, can Yawuri, jiragen ruwa yake haɗawa. Baba ya daɗe yana kallon hoton, sannan ya miƙa wa ƙanena. Ina tsaye a wurin, kuma ni na fi kusa da shi.

Mu biyu ne maza a gidanmu. Ni ne ɗan fari, na yi boko, ina aikin zanen gine-gine a wata ma'aikata a Doka. Ƙanena kuwa tun da ya gama sakandare ya shige shago ya zama kafinta, har ya yi aure ya haihu yana nan. Baba bai taɓa kiran sunana ba saboda kunyar ɗan fari. "Ma'aikaci" yake ce mini, shi ma sai ta kama. Ƙanena kuwa Auta ne, a zage shi, a yi dariya da shi, a ci tuwo kwano ɗaya. Mutane suna cewa ni ake girmamawa. To, su riƙe girman, ni zagin nake so.

Na ga dama ta samu. Zane ai sana'ata ce. Na kwashe mako biyu ina zana jirgin a kan babbar takarda, gefe da sama da gaba, na kawo wa Baba ina jin kaina. Ya duba, ya ce ya yi kyau, ya ninke ta huɗu ya ɗora butarsa a kai don kada iska ta ɗauke. Har aka gama aikin takardar tana nan ƙarƙashin buta.

A bayan gidan Alhaji aka yi aikin, a gindin wani mangwaro. Suka shimfiɗa doguwar itaciyar maɗaci guda, wadda Baba yake kira ƙashin baya, suka soma kafa mata haƙarƙari ɗaya bayan ɗaya, kafin a zo a rufe da katako. Baba ba ya taɓa tef ɗin awo. Tsawo da gaba yake auna shi, wato ya ware hannuwansa biyu iya ƙarfinsu, ko kuma da kamu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa. Faɗi da lanƙwasar haƙarƙari kuwa sai da taƙi, ya buɗe tafinsa daga babban yatsa zuwa na tsakiya yana tafiya da shi a kan itace. Zai ce, "Taƙi bakwai da yatsa biyu," Auta ya sa fensir, ya ɗauki zarto. Wani lokaci ma kafin Baba ya rufe baki ya riga ya sa alamar. Ni kuwa ina gefe ina kallonsu.

Sai na yanke shawarar abin da zan yi wanda Auta ba zai iya ba. Na sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Duk Asabar da Lahadi in hau keke napep zuwa Unguwar Rimi, in zauna a kan benci, in rubuta duk awon da ya fito daga bakin Baba, in zana kowane haƙarƙari da lambarsa, in ɗauki hoto da waya. Na rubuta yadda ake jiƙa katako ya lanƙwasu, da yadda ake cusa auduga da kwalta a tsakanin katakai don kada ruwa ya shiga. A raina na ce Baba ya tsufa, kan Auta kuma ba littafi ba ne. Wata rana za a nemi wannan ilimi, kuma a wurina za a same shi. Ina so Baba ya faɗi haka da bakinsa, ko da sau ɗaya.

"Ma'aikaci, mi kaka ta rubutawa?" in ji shi wata rana, da harshensa na Yawuri da shekara arba'in a Kaduna ba ta canza ba.

"Aikinku nake adanawa, Baba."

"To, madalla," ya ce, ya juya ya ci gaba da zagin Auta a kan wata ƙusa da ta karkace.

Sau ɗaya na fito da tef na sunkuya zan auna wani haƙarƙari. Auta ya yi dariya ya ce, "Yaya, kauce kada kwalta ta ɓata maka shadda. Wannan wurin na masu datti ne." Wasa yake yi, na sani, haka yake tun yana yaro. Amma Baba ya yi murmushi, kuma murmushin ne ya ƙona ni. Na naɗe tef ɗina na sa a aljihu, na rantse a zuci ba zan sake taɓa itacensu ba. Ranar Litinin a ofis na ware hannuwana a jikin bango na auna tsawonsu, na auna kamuna, na buɗe tafina a kan rula na auna taƙina. Da waɗannan na juya duk awon Baba zuwa santimita, na sake zana komai tsaf. Gaba ai gaba ne, taƙi kuma taƙi ne, haka na ɗauka.

Da damina, ruwa ya cika, aka ɗauki jirgin a babbar mota zuwa bakin kogi. Ya zauna a kan ruwa daram, ko karkata bai yi ba. Alhaji bakinsa har kunne, ya shiga da fulas ɗin shayinsa. Baba ya shiga, Auta ya kama injin. Ni aka ce in tsaya a gaɓa in ɗauki hoto, tunda ni ne mai ɗaukar hoto. Na ɗauka da yawa, sun yi kyau ƙwarai, kuma babu ni a ko ɗaya.

Bayan shekara biyu Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ya dunƙule, maganarsa ta yi nauyi. Ana cikin haka wani abokin Alhaji ya zo yana son jirgi irin wancan sak. Auta ya tsorata. Ya same ni a gida ya ce bai taɓa yi shi kaɗai ba, awon kuma ya cakuɗe masa a ka. Allah Ya yafe mini, amma ranar na ji daɗi. Na shiga ɗaki na fito da littafin na ajiye a gabansa. Ya yi ta buɗe shafuka yana girgiza kai.

"Yaya, wallahi ka cece ni," ya ce. "Ashe abin da kake yi ke nan muna maka dariya."

Ya sayi tef sabo, ya bi lambobina ɗaya bayan ɗaya, bai ƙara ba bai rage ba. Ya yi wata guda yana yankan maɗaci. Da aka kafa haƙarƙarin a kan ƙashin baya, ni kaina na ga akwai matsala. Abin ya fito dogo siriri kamar taɓarya. Auta ya zagaya shi sau uku ya ce ko akuya ce ta jingina a gefe ɗaya zai kife. Ya sake aunawa, komai daidai yake da littafi. Da abin ya gagare mu, sai muka ɗauko Baba a keke napep, muka zaunar da shi a kujera a inuwa.

Ya daɗe yana kallon jirgin. Ya sa aka karanta masa awon, na karanta da santimita. Ya ɗaga mini hannun hagu alamar in dakata.

"Da hannun wa?"

Ban gane ba, sai da ya maimaita. Na ce da nawa.

Ya ce mu ware hannuwa, ni da Auta, mu tsaya baya da baya. Hannuwana sun fi na Auta tsawo nesa ba kusa ba, don na fi su duka tsayi. Sannan ya kira Auta, ya sa shi ya buɗe tafinsa, Baba ya ɗora nasa na hagu a kai. Yatsa ya hau kan yatsa, kamar an yanka su a itace ɗaya. Sai ya yafito ni. Na durƙusa, na buɗe nawa, ya ɗora. Rabon da in ji tafin Baba a kan nawa tun ina ɗan firamare. Yatsunsa suka wuce nawa, suka rufe su ruf. Dogon hannu ne da ni da ƙaramin tafi, shi ya sa tsawon jirgin ya ƙaru faɗinsa ya ragu.

Na jira zagi. Wallahi na so ya zage ni a gaban kowa, ya ce na ɓata itace, ya ce ni sakarai ne, yadda zai yi wa Auta. Bai yi ba. Ya riƙe hannuna yana dubawa, ya ce a hankali, "Wanga hannun uwarka na." Shekararta goma sha ɗaya da rasuwa a lokacin, kuma ban taɓa jin ya ambace ta a gabana ba. Ya sake ni, ya juya.

"Auta, ɗan banza, kana da awo a jikinka kana neman na takarda? Kwance shi. Ma'aikaci shi karanto maka na farko, wanda ni faɗi."

Na koma shafukan farko, inda na rubuta gaba da kamu da taƙi yadda suka fito daga bakinsa. Waɗannan ba su da kuskure ko ɗaya. Sai dai duk wanda zai yi aiki da su, dole ya san girman hannun da ake nufi, kuma hannun da Baba yake awo da shi ya riga ya dunƙule. Na buɗe bangon littafin ta ciki, inda na bar fili don in rubuta sunana, na ce wa Auta ya ɗora tafinsa ya buɗe. Ya ɗora, duk da kwalta da ƙurar katako. Na soma zagaye yatsunsa da biro.

"Yaya," ya ce, "a hankali mana, kana sukana."