Ranar da Sixten Ya Yi wa Ɗan Lido Ƙarya

Sixten Nyberg direban bas ne a garin Umeå, can ƙasar sanyi da ƙanƙara, mutum ne da sai ka yi da gaske kafin ka ji muryarsa. Amma ranar Lahadi da rana, in ya zauna a teburin kicin ɗinsa ya kafa shamakin kwali a gabansa, sai bakin ya buɗe. Shi ne jagoran wasan labari. Shi ke tsara duniyar da dodanninta, abokansa kuma kowa ya ɗauki jarumi ɗaya yana magana da bakinsa. In an zo wurin haɗari ɗan lido ke yanke hukunci, Sixten kuma a bayan kwalin yake jefa shi, ba mai gani sai shi.

Tun suna samari suke wannan wasa, ga shi har furfura ta fito. Duk sabon jagoran da ya nemi shawararsa abu ɗaya yake ji: abin da ɗan lido ya nuna shi za ka faɗa, ko za a tsane ka. Jarumai nawa ya kashe yana kurɓar kofi, ko a jikinsa.

Sai ciwon daji ya kama amininsa Ingvar, wanda jaruminsa a wasan wani tsohon maharbi ne. A gida kowa ya koma yi masa magana ƙasa-ƙasa kamar jinjiri. Teburin Sixten kaɗai ya rage inda ake zaginsa, a wawushe masa burodin kirfa, kuma don wannan yake jan jiki ya zo.

Wata Lahadi maharbin ya hau gadar igiya da ke kan wani rami mai zurfi. Sixten ya jefa ɗan lido, ya ga mutuwa ƙarara. Ya ɗaga kai ya dubi Ingvar, tausayi ya rufe shi.

"Ka tsallake," in ji Sixten.

Ingvar ya zuba masa ido. "Ɗaga kwalin mu gani."

"Ba a ɗagawa, ka sani."

"Kai tsohon mugu, yau na fara ganin fuskarka? In mutum ya tsira tsaki kake ja. Ina tsakin?"

Sauran suka sunkuyar da kai.

"Haba Sixten, har da kai?" in ji Ingvar a hankali. "Ai da ka jefa ni ramin kawai."

Ya ɗauki rigar sanyinsa ya fita, ya ƙi yarda a raka shi. Sixten ya yi ta kiran waya, matar Ingvar ce ke ɗauka, ta ce yana hutawa.

Ingvar ya rasu kafin ƙanƙarar hunturu ta narke. Ya ƙarasa kwanakinsa a gida cikin masu lallaɓa shi, Sixten kuwa har yau baƙin cikin bai sake shi ba, don ya san shi ya raba amininsa da wuri ɗaya tak da ba a ɗauke shi majinyaci ba.