Malama Yagana, wadda ta wanke sunan 'yata

Gargaɗi kafin ka ci gaba: kada wanda ya biyo ni yana neman hotonta. Ba zan sa ba. Matar da ta rayu cikin sutura ba za a yi ta yawo da fuskarta a wayoyin mutane ba bayan ta koma ga Ubangijinta. Wanda kuma ya san danna alama kawai zai yi bai karanta ba, ya wuce tun yanzu.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya same ni. Ina kicin ina tace kunu, maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Hajja, kin ji Malama Yagana ta rasu?" Na ce wace Yagana? Na gane sarai, so nake ta ce wata ce daban.

Ba wata ba ce.

Ga waɗanda ba su san ta ba, malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan matan da 'yata Zara ta gama. Gidanta na bayan layinmu a nan unguwar Mairi. Ta girme wa Zara nesa, ni kuma na girme ta, amma ban taɓa zama da ita na tashi ban ƙaru ba.

Ba ta wuce ƙofarmu ba ta tsaya ba. "Wushe, Ya Hajja, ya yaran?" Ko tana sauri sai ta faɗa.

Duk turaren wutar da ta haɗa, sai ta ɗebo mini a 'yar kwalba. Ranar da mahaifiyata ta rasu, mutane na zaune a tabarma, ita tana bayan gida tana wanke tukwane, ba wanda ya sa ta.

Amma abin da ya sa na zauna rubutun nan daban ne, kuma ina so iyaye su karanta da kyau.

Maigidana, Alhaji, dillalin shanu ne. A ruga aka haife shi, kafin iyayensa su shigo gari. Lokacin da Zara ta kai shekarar ƙarshe a jami'a ya saya mata laftof don aikin kammala karatu, wanda suke kira furojet. Sharaɗina shi ne a falo za ta zauna, inda kowa ke gani. A gidana ba a shiga ɗaki da irin waɗannan abubuwa. Shi ma Alhaji ya saba da ita, yana duba hotunan shanun da abokan cinikinsa ke turo masa.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya shigo da baƙi, manyan mutane, zai nuna musu wasu bijimai. Yana buɗe kwamfutar sai ga hotunan da bakina ba zai iya faɗa ba. Ya rufe wannan, wani ya buɗe. A gaban baƙi.

Ya raka su ƙofa, ya dawo, ya kira Zara.

"Abin da ake koya muku a can ke nan? To daga yau babu ke babu jami'a."

Ta durƙusa tana rantsuwa. "Wallahi Baba ban san su ba. Inna, ki gaya masa."

Me zan gaya masa? Na san tarbiyyar da na ba 'yata, amma abin da ya gani ni ma na gani. Ya ɗauki laftof ɗin ya kulle a ɗakinsa, da furojet ɗinta a ciki.

Gidan ya yi tsit. Zara ta daina cin abinci. Ƙawayenta na kira, ba ta ɗauka. Karatun da ta kusa gamawa na shirin lalacewa, ga kuma abin da ya fi karatu, wato sunanta a idon ubanta.

Da nauyin baki na je wajen Malama Yagana. Ina ta kewaye-kewaye a kan maganar kwamfutar, ta katse ni.

"Ya Hajja, tsaya. Akwai wani abu ja da ke fitowa yana cewa kwamfutar ta kamu da ciwo, a danna a yi mata magani?"

Na ce akwai. Kwanakin nan ya dame mu, har ƙara yake yi kamar motar asibiti.

Ta sauke tukunyarta daga wuta, ta zura hijabi. "Mu je."

Alhaji bai so ba. Ya ce, "Malama, wannan maganar cikin gida ce."

Ta ce, "Shi ya sa na zo da ƙafata, Alhaji, ban aiko kowa ba."

Ya ɗauko mata. Abu na farko da ta yi shi ne raba kwamfutar da intanet. Tana kunnawa abin nan ja ya fito, da alamar garkuwa, yana ta lissafo cututtuka, yana cewa a sa lambar katin banki kafin komai ya lalace.

Ta juya wajen Alhaji. "Da za ka koro shanunka, wani ya tare ka a hanya ya ce duk sun kamu, alhali bai buɗe bakin ko saniya ɗaya ba, ga kuma magani a hannunsa yana cewa ka saya yanzu-yanzu, me za ka ce?"

Ya ce, "Ɓarawo ne."

"To ga shi nan. Wannan ba antibairos ba ne, kayan likita kawai ya sa. Shi ne ciwon. In an buɗe masa ƙofa, shi ke jawo waɗannan hotuna, ko mai kwamfutar na kan sallaya."

Alhaji ya matso ya ƙura wa garkuwar ido. Ya gyara hula. Ya yi gyaran murya.

"Wannan mai garkuwar? Ai ni ya tambaya. Ya ce akwai ciwo, na ce masa bismillah."



Ashe ba mai garkuwar kaɗai ba ne ma. Duk wanda ya fito bayansa ya ce shi ma magani ne, Alhaji ya karɓa. Ya ce, "Mu a wajenmu in ciwo ya shiga garke ba a tsayawa dogon bincike. Duk maganin da ya samu ɗurawa ake yi, wani ya ƙi wani ya ci."

Malama ba ta yi dariya ba. Ko murmushi ba ta yi ba. Cewa ta yi, "Niyyarka mai kyau ce, Alhaji, kare kayan gidanka ka so yi. Da irin wannan niyyar suke kama mutane." A gaban 'yarsa ta bar masa girmansa cif. Wannan kaɗai ya ishe ni shaida a kanta.

Ni dai sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi tawa dariyar, da hawaye a ciki.

Da na fito ta zaunar da Zara a gefenta, ta ce ita za ta riƙa dannawa. Suka tayar da kwamfutar ta wata hanya da ba ta barin baƙin abubuwa su farka. Suka kwashe furojet ɗin zuwa sabon filashi, ɗan abin nan da ake jona wa kwamfuta a adana aiki, suka bi mugayen nan suna cirewa, suka sa antibairos na gaskiya ya bincike ko'ina, har da filashin. Ta sa aka canza duk kalmomin sirri, ta kuma tambayi Alhaji ko ya taɓa sa lambar katinsa. Allah Ya taimaka bai sa ba, wai ya nemi katin bai gani ba.

Na kawo mata shayi, ya huce ba ta sha ba.

Na tambaye ta wanne za mu saya, don ni a tunanina mai tsada shi ne mai kyau. Ga abin da ta ce, ku ma ku riƙe:

"Wanda ya zo tare da kwamfutar ya ishe gida irin naku, in dai kuna barin sa ya sabunta kansa. Kada ku hana shi don tsoron data. In kuna son wani, ku ɗauko daga shafin masu shi, ban da na kasuwa da ake tura wa mutane a filashi. Kuma guda ɗaya tak. Alhaji ya fi ni sanin abin da ke faruwa in an haɗa bijimai biyu a turke ɗaya."

Ta ƙara da cewa na gaskiya ba ya ihu, ba ya tsoratarwa, ba ya cewa yanzu ko an rasa komai.

Alhaji bai ba Zara haƙuri da baki ba, kun san iyayenmu maza. Amma washegari da safe shi ya fita ya tsayar mata da keke mai ƙafa uku, ya leƙo ya ce, "Zara'u, ba ki makara ba?"

Ta gama karatunta. Alhamdulillahi.

Iyaye, ban ce ku daina sa ido ba. Ni har gobe ina sawa, uwar da ba ta bincike ta yi sakaci. Amma in kun ga abu a fuskar kwamfuta ko waya, ku nemo wanda ya sani kafin ku yanke wa yaro hukunci. Kalma ɗaya daga bakin uba tana iya zama a zuciyar 'ya har tsufanta.

Ganina na ƙarshe da Malama, na je duba ta ne da na ji ba ta da lafiya. Ta rame, amma bakin nan yana nan. Cikin hira na ce in ta warware ta zo ta duba mana kwamfutar, ta fara nauyi.

Ta ce, "Ina Zara?"

Na ce tana nan. Sai dai tun wancan lokaci kalmar sirrin da ake sa sabon abu da ita tana hannun Alhaji, ko Zara sai ta jira ya dawo daga kasuwa.

Ta dube ni, ta ce:

"Ya Hajja, ku daina tsallake yarinyar nan kuna nemana. Abin da na sani a kan wannan, ta sani. Kun wanke ta, amma ba ku ba ta amana ba. Tana ji a ranta, ba za ta faɗa muku ba ne kawai."

Na ce to, sai kin warke ma yi maganar. Ta ce, "Gaida Alhaji, ki ce ina tambayar bijimai."

Iyakar abin da ya rage tsakaninmu ke nan.

Allah Ya jiƙan Malama Yagana. Ya suturta ta kamar yadda ta suturta gidana, Ya wanke ta daga zunubi kamar yadda ta wanke 'yata daga zargi. Ya haskaka kabarinta, Ya ba iyalanta da ɗalibanta haƙuri. Don Allah duk wanda ya kai nan, ya ajiye wayar ya karanta mata Ƙulhuwallahu, ya ambaci sunanta a sujadarsa.

Ɗazu da Alhaji ya dawo daga maƙabarta na isar masa da maganarta, ban rage komai ba. Ya zauna da ƙurar takalminsa. Can ya kira Zara, ya tura mata laftof ɗin, ya ce, "Canza kalmar. Kada ki gaya mini."

Sai na tara yaran gidan na kafa doka. Daga yau ba mai sa wani abu a kwamfutar nan, ba mai danna abin da ya fito yana tsoratarwa, sai Zara ta gani ta yarda. Maƙwabcin da ya kawo tasa za ta duba masa kyauta, ladan na Malama.

Ƙaramar cikinsu ta ce, "Inna, har da Baba?"

Kafin in buɗe baki ya ce, "Da ni za a fara."