Gawon Gonar Kaka

A Gidimuni na tashi, a hannun kakata, Allah ya jiƙanta. In an idar da sallar isha'i sai ta hura wutar kara a tsakar gida, ta tura gyaɗa cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Ni ba ta kirana da suna sai maigida.

"Maigida, matso. Ga wata tatsuniya nan tafe, ku kama ta kar ta wuce."

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta gawo. Ta ce wata shekara Damina ta aiko cewa tana nan zuwa, kowane itace ya yi ado ya tarye ta. Kuka ta sa kore, tsamiya ta sa, har ƙananan sabara suka yi kwalliya. Gawo kuwa sai ya karkaɗe ganyensa kaf, ya tsaya tsirara. Damina ta fusata, ta ce raini ne. Gawo ya ce, "Ranki ya daɗe, in na yi inuwa hatsin da ke gindina zai mutu. Kuma ke baƙuwa ce. In kin tafi, wa zai zauna da awaki?" Ta ce to ba ta ƙara shayar da shi. Ya ce saiwarsa ta san inda ta ɓoye ruwan bara. Da rani ya zo kowa ya tuɓe, shi kaɗai ya yi kore shar, yana zubo wa dabbobi ƴaƴa.

Na ce, "Kaka, itace yana magana?"

"Kai dai miji ne mai gardama! Gobe je gonata ka duba, in ƙarya nake ka sake ni."

Na je. Yana nan kan tudu. Daga gindinsa ana hangen tafki yana sheƙi, da dabinai a gefensa, da farin rairayi a bayansu. Na daɗe a tsaye ina tasbihi, ban san sunan abin da nake ji ba.

Bara ɗana Lawali ya zo daga Damagaram, ya ce zai kawo tarakta gonar kaka, amma gawon ya tare hanya, ya riga ya kira masu sara. Ban yi musu ba. Da na yi sallar asuba na ɗauki tabarma da takardun ajamina, na shimfiɗa a gindinsa. Suka iso da gatura.

"Baba, don Allah tashi. Itace ne fa kawai."

"To ku fara da ni, na fi shi taushi."

Babban masu saran ya yi dariya, ya saɓa gatarinsa. "Malam, mu ma iyayenmu sun hana mu taɓa gawo. A tashi lafiya."

Lawali ya yi kwana uku gaisuwa kawai ke haɗa mu.

Da ina yaro na ɗauka taurin kai kaka take yabo. Sai da furfura ta fito na gane gawo bai ƙi Damina don kansa ba, akwai waɗanda ya tsaya wa. Ƙasa ma haka take, tana buƙatar wanda zai ce a'a a madadinta.

Taraktar ta yi noma. Kunyoyi sun tafi sambal, sai a kan tudu suka lanƙwasa suka kewaye shi. Nan ne hatsin bana ya fi tsawo. Lawali ma ya gani da idonsa.